Kurakuran da aka fi yi wajen zana mazuƙin hayaƙin kicin mai lanƙwasa a SketchUp da Revit

A sababbin gidajen Abuja, ko a Gwarinpa ne ko Jahi ko Lokogoma, kicin ya zama wurin ado. Hajiya za ta turo wa mai zane hoton da ta gani a Instagram, mazuƙin hayaƙi mai faɗi daga ƙasa, gefunansa sun lanƙwashe suna tsukewa har silin, ta ce irinsa take so. Zana shi ba wuya. Wuyar ita ce a zana wanda zai ginu kuma ya ja hayaƙi.

Babban kuskure shi ne fara zane daga lanƙwasar. Abin nan mai kyau da ake gani riga ce kawai. A cikinta akwai injin ƙarfe mai fanka da matatar maiƙo, kuma kamfani ya riga ya yanke girmansa, yawanci faɗin santimita 60 ko 90. Kafin ka ja layi ko ɗaya, ka san injin da za a saya, ka zana shi a matsayin akwati da ainihin awonsa, ka ɗora masa bututunsa, sannan ka ɗinka rigar a kansu. Bututun da aka fi amfani da shi mai faɗin milimita 150 ne. Sau da yawa za ka ga an tsuke wuyan rigar don ya yi siriri a hoto, ranar haɗawa bututu ya ƙi shiga, kafinta ya kama sassaƙa. Faɗin mazuƙin kuma kada ya gaza na murhun.

Sai tsayi. Yawancin kamfanoni suna neman tazarar santimita 65 tsakanin murhun lantarki da ƙasan mazuƙin, murhun gas kuma 75, amma takardar injin da aka saya ita ce alƙali. Idan teburin girki santimita 90 ne daga ƙasa, murhun kuma na gas ne, ƙasan mazuƙin zai tsaya a 165. Idan silin yana 280, rigar tana da 115 ke nan. Masu zane da yawa suna auno daga dekin zuwa dekin, sun manta tayil zai ci nasa a ƙasa, POP zai sauko daga sama, sai lanƙwasar da aka tsara ta yanke a tsakiya. Ka kuma tambayi uwargida wane murhu za ta sa. Wanda ake ɗorawa a kan tebur ya fi wanda ake nutsawa a cikinsa tsayi, kuma daga inda tukunya ke zama ake awo.

A manhajar zane ta SketchUp kowa Follow Me yake rugawa ya ɗauka, wato kayan aikin da ke zagaya siffa ɗaya a kan layin da aka shata mata. Yana aiki, da sharaɗi ɗaya: gaba da gefuna su tsuke daidai wa daida. A ce ƙasan rigar 90 ne a faɗi, 50 daga bango, wuyanta kuma 30 da 30. Kowane gefe zai shiga da 30, gaba kuwa da 20 kawai. Siffa ɗaya da aka zagaya da ita ba za ta ba ka wannan ba. Abin yi shi ne ka zana yadda rigar take in an dube ta daga gaba, ka ja ta da Push/Pull zuwa 50. Ka zana yadda take daga gefe, ka ja ta zuwa 90. Ka haɗa su wuri ɗaya, ka yi Intersect Faces don ya shata inda suka ratsa juna, ka goge abin da ya yi saura. Idan lanƙwasoshin biyu sun fara kuma sun ƙare a tsayi ɗaya, da yawan gaɓoɓi iri ɗaya, kusurwar takan fito tsaf.

Maganar gaɓoɓi tana da muhimmanci, domin SketchUp ba ya zana lanƙwasa ta gaskiya. Guntayen miƙaƙƙun layuka yake jerawa, 12 ga baka, 24 ga da'ira, in ba ka canza ba. A abu mai tsayin fiye da mita ɗaya, 12 za su fito ɓaro-ɓaro kamar dakalin bene. Rubuta 24s ko 36s lokacin da kake zana bakan, kafin ka ja shi, don bayan an ja babu gyara sai sakewa. Wasu kuma su wuce gona da iri su sa ɗaruruwa, fayil ya yi nauyi, kwamfuta ta kama jan ƙafa a gaban mai gida. Layukan da suka rage a jiki, Soften Edges ne maganinsu.

Idan ka ga ƙananan ramuka a bakin ado na ƙasa, ba laifinka ba ne, manhajar ba ta iya rufe fuskoki 'yan mitsi-mitsi. Ninka girman abin sau 100, ka yi aikin, ka mayar da shi. Fuskar da ta fito shuɗi-shuɗi kuma a juye take, ka gyara ta da Reverse Faces tun kafin fenti. Kuma don Allah a mayar da rigar Component, wato abu guda mai zaman kansa, kafin a jingina ta da bango, in ba haka ba ta manne, ka matsar da ita bangon ya biyo ta.

Masu manhajar Revit nasu tarkon kayan aikin da ake kira Blend ne. Yana haɗa siffar ƙasa da ta sama, amma da miƙaƙƙen gefe, sai ka sami dala maimakon lanƙwasa. Maimakon haka, yi Extrusion cikakke, wato dunƙulen akwati, ka yanke shi da Void, siffar da ake yanka da ita, mai baka daga gaba da kuma gefe. Ni dai ban ga dalilin yin sa da Model In-Place, wato a gina shi a cikin zanen gida ɗaya, ba in rukunin gidaje ake zanawa. A yi shi Family, wato fayil mai zaman kansa da ake sawa a kowane zane, a ɗaure faɗi da tsayi da layukan awo na Reference Planes, gida na gaba lamba kawai za a canza.

Akwai abin da hoto mai sheƙi ba ya nunawa: ina hayaƙin zai je? Girkinmu ba na dafa ruwan shayi ba ne. Suyar manja, kifi, attaruhu, duk maiƙo ne ke tashi. Bututun da aka bari ya ƙare a cikin silin zai tara wannan maiƙon a kan POP, ga wari, ga haɗarin gobara. Zana hanyarsa har waje, gajera, da ƙarancin kwana, ka duba zanen injiniya kada ta faɗa kan bim. Inda babu hanyar fita sai injin da ke tace iska da gawayi ya mayar da ita ɗaki, shi kuma dole a bar masa kafa a saman rigar. Soket da ƙofar gyara ma a nan ake mantawa da su.

Daga ƙarshe zanen hannun kafinta zai je, ko a Kugbo ko a Dei-Dei, kuma hoto ba ya isarsa. Falankin da ke lanƙwasuwa ta fuska ɗaya yake yi. Rigar da kowane gefenta ya lanƙwashe ta hanya ɗaya tana yiwuwa da katako, amma mai kumburi ta ko'ina irin na ƙwarya sai aikin filasta ko maƙerin ƙarfe, kuma kuɗin ba ɗaya ba ne. Ka ba shi zanen gaba, na gefe, da na ciki mai nuna inji da bututu. Bakan kuwa ka buga masa shi a takarda da ainihin girmansa, ya shimfiɗa a kan falanki ya bi da fensir. Ɓangaren da ke fuskantar wuta a rubuta masa ƙarara cewa ƙarfe ne, ba MDF ba.