Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Honda CG125 a Gida

Shekara goma sha ɗaya babur ɗin kawuna ya yi jingine a zaure, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, kaji na kwana a kan sirdinsa. Honda CG125 ce ja, irin ta farko mai batir bolt 6. Ranar da 'yan gwangwan suka zo suna taya shi da kilo, sai na ce, "Kawu, a bar mini shi mana in gwada sa'ata." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗauka, amma kada ka dawo mini da shi a buhu." Wata biyar na yi ina fama da shi a tsakar gida, yawanci da yamma bayan La'asar. Abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da zan bi da a ce yau zan sake farawa, domin ni da fenti na fara, kuma na ji a jikina.

Wannan babur ya cancanci wahalar. A 1975 Honda ta fito da shi, bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake lafta wa babur kaya, ana hawansa har baƙin mai ya koma kamar kwalta ba a yi juye ba. Sai suka ƙera inji mai cc 124 wanda sanduna biyu ke tura bawul ɗinsa daga ƙasa, babu sarƙar taimin da za ta saki ko ta tsinke. Daga baya kamfanonin Sin da dama suka kwaikwayi wannan inji, shi ya sa har gobe ba ka rasa fistin, ringi, gasket ko farantin kuloci da zai shiga. Wanda ya ɗauko tsohuwar Honda Roadmaster mai silinda biyu ya fi ka shan yawon neman kaya.

Kafin ka taɓa sifana

Duba lambar firam a wuyan babur da lambar inji a gefen hagu ta ƙasa, ka gwada da abin da ke takarda. In saye za ka yi kuma mai shi na inda-inda a kan takardu, haƙura. Ba ka son ka gama kashe kuɗi a tare ka a hanya a ce na sata ne.

Daga nan ɗauki waya ka yi ta hoto: kowane gefe, hanyar da kowace waya ta bi, yadda kebul ɗin kuloci da na totur suka ratsa. A ranar kwancewa gani za ka yi ba za ka manta ba. Bayan wata uku za ka riƙe wani ɗan sifirin a hannu kana tambayar kanka daga ina ya fito. Tara gwangwanayen madara ko na tumatir, kowane sashe da nasa, ka rubuta suna a jiki. Shimfiɗa buhu ko kwali a ƙasa, don noti in ya faɗa cikin rairayi sai dai wani.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 8, 10, 12, 14 da 17, sifanar fulogi, filaya, fila geji na auna tazara, kananzir, buroshi da tsumma. Amma ka nemi sukundireba irin wadda ake bugawa da guduma. Sukurorin Japan na wancan zamani sun yi kama da mai kan tauraro da muka saba, sai dai ramin nasu ya ɗan bambanta, kuma sukundireba ta gama-gari cinye musu kai take yi. Guda huɗu na lalata a murfin inji kafin in gane.

Inji tukuna

Kada ka sayi komai, kada ka kankare komai, sai ka san halin da inji ke ciki. Cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu, a hankali. In ya juya, ka gode wa Allah. In ya ƙi, fistin ya kama ke nan. Cika ramin da man gas, ka bar shi kwana uku zuwa mako, sannan ka sa babur a giyar ƙarshe ka riƙa tura shi gaba da baya kaɗan-kaɗan. Kada ka hau kik da ƙarfin tsiya. Ringi za ka karya, ko ka karce silinda.

Da ya fara juyawa, toshe ramin fulogi da babban yatsa ka sa wani ya taka kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai matsi, watakila ma ba sai ka buɗe inji ba. In kuwa huci kawai ka ji, fara duba tazarar bawul kafin ka yanke wa fistin hukunci. Buɗe murfin kai, ka juya magneto, wato faifan da ke gefen hagu na inji, har alamar T da ke jikinsa ta daidaita da tsagar da ke jikin inji, a daidai lokacin da bawul biyun ke rufe, wato za ka ji ƙarafan da ke danna su suna ɗan motsi in ka girgiza. Tazarar milimita 0.08 ce ga kowanne, kuma inji da sanyi ake aunawa. Bawul da aka matse da yawa ba ya rufuwa sosai, matsi ya tsere, mutum ya je ya sayi fistin a banza.

Sai juye. Tsiyaye tsohon man duka. A gefen hagu ta ƙasa akwai wani babban murfi, a cikinsa akwai sifirin da 'yar rariya mai tace mai. Ciro ta ka wanke da kananzir. Akwai kuma wani matacin a ɓangaren kuloci, ƙaramin kasko ne mai juyawa da ke tara datti a bangonsa. Mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Na kawu da na buɗe, abin da ke ciki sai da na sa cokali na kwarfe, kamar ƙanzon tuwo. Wajen lita ɗaya inji ke ci. Sa mai na babur, 20W-50 ya dace da zafinmu, kuma ka guji na mota mai yawan santsi, tunda kulocin cikin wannan man yake iyo, zai riƙa zamewa.

Tanki da kafireta

Nan ne tsohon fetur ke yin ɓarna. Ya bushe ya zama danƙo, ruwa kuma ya haifar da tsatsa. Cire tanki, ka cire famfon mai, ka toshe ramin. Watsa tsofaffin notina cike da tafin hannu a ciki tare da ɗan kananzir, ka yi ta girgizawa har hannu ya gaji, ka zubar. Sannan ka cika shi da ruwan khal, wato binega, ya yi kwana biyu. Ɗauraye sosai da ruwa, ka shanya a rana har ya bushe ƙayau, nan take ka zagaya cikinsa da fetur da aka ɗiga wa baƙin mai, in ba haka ba tsatsar za ta dawo kafin dare. In ya huje, kai wa mai walda, amma ka tsaya a kansa ka ga an wanke an cika shi da ruwa kafin a kusanto da wuta. Tankin da babu mai sai tururin fetur ya fi cikakke haɗari.

Kafiretar asali Keihin ce. Duk yadda ta yi baƙi, kada ka yar da ita don ka ga sabuwa mai sheƙi a kasuwa da araha. Kafin ka cire sukurun iska, juya shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya tsaya, ka rubuta, don ka mayar da shi yadda yake. Jiƙa jet babba da ƙarami, wato 'yan sukurori masu ramin da mai ke bi, a fetur, ka ɗaga su saitin rana ka ga haske ya ratsa. Ƙaramin ne ke yawan toshewa, shi ne kuma ke sa babur ya mutu da zarar an saki totur. Silin waya ɗaya na jan ƙarfe ya isa ka bi ramin da shi. Allura ko fil faɗaɗa ramin suke yi, daga nan babur ya koma mashayin mai. Girgiza fulot, abin da ke iyo a kan fetur cikin kafireta, kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki, ya huje. Soson iska kuwa in ka taɓa ya marmashe, canja shi. In da sauransa, wanke shi ka matse, ka shafa masa ɗan mai.

Saura wuta. Sa sabon fulogi, NGK D8EA, tazararsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Jona shi da waya, ka ɗora shi a jikin inji, ka taka kik a inuwa. Shuɗin tartsatsi kake nema. In babu, a irin na farko kwantak ne a bayan magneto, ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa su ba fulogi wuta. Goge bakinsa da lallausar samfefa, ka saita tazararsa tsakanin 0.3 da 0.4, ya riƙa buɗewa daidai alamar F da ke jikin magneto.

Yanzu gwada tayarwa. Zai yi hayaƙi da farko saboda man da ka zuba, ba komai. Amma in ya yi zafi shuɗin hayaƙi bai ɗauke ba, sai a sauke silinda a kai wa masu boring su faɗaɗa raminta. Faɗinta na asali milimita 56.5 ne, kuma akwai fistin na ƙari 0.25, 0.50, 0.75 har 1.00. Sayi fistin ɗin tukuna ka tafi da shi, a auna a kansa. Ni silinda kawai na kai wa wani, ya yi aikin da ka, da na kawo fistin sai ga shi yana rawa a ciki. Na ce, "Oga, ai ya yi yawa." Ya ce in sa haka nan, zai zauna. Bai zauna ba, sai da na tsallaka zuwa girma na gaba a wajen wani daban.

Abin da zai tsayar da kai

Inji ya tashi, rai ya yi daɗi, sai mutum ya so zagaya unguwa. Dakata. Takalmin birki da ya daɗe a ajiye fatarsa kan ɓare daga jikin ƙarfe ta maƙale taya ana cikin tafiya. Canja na gaba da na baya. Ƙurar cikin kaskon birki kuwa kada ka hura ta da baki, na da can wasu akwai asbestos mai cutar da huhu a ciki. Jiƙaƙƙen tsumma za ka sa. Taya ko zanenta na nan raɗau, in gefenta ya tsattsage ta gama aiki. A jikin sabuwa za ka ga lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Duba kafin ka biya. Canja boris na ƙafafu da na wuya, ka cika su da giris. Sarƙa lamba 428 ce, kuma tare da siroket biyun ake canja ta, a bar mata sassauci kamar santimita biyu. Bubbuga wayoyin wili da sifana ɗaya bayan ɗaya: wadda ta yi ƙara ras lafiya take, wadda ta yi dum ta saki.

Sai kwalliya

Sai yanzu. Ni da na fara da fenti, kafiretar da ban gyara ba ta yi ambaliya, fetur ya bi jikin murfin gefe ya cinye aikin mako biyu, sifana kuma ta ƙarasa sauran wajen sauke inji. Firam kana iya yi da kanka: kankare tsatsa har ƙarfe ya fito, ka sa fenti na share fage, sannan baƙi, shafi siriri sau uku ya fi mai kauri sau ɗaya. Ka kauce wa ranar da ƙurar hunturu ta taso. Tanki da murafun gefe dai mai fentin mota za ka kai wa, ka ce ya rufe da kiliya, fentin sheƙi marar launi, mai haɗi biyu, domin na gwangwanin fesawa ba ya jure fetur. Madigadi da salansa masu ƙyalli, takardar alminiyon da ruwa na ɗauke musu tsatsar sama ba tare da karcewa ba.

Wajen sauye-sauye ra'ayina ɗaya ne: yi duk abin da za a iya kwancewa a mayar, ka bar abin da sai an yanka. Na ga samari sun datse bayan firam, sun huda salansa don ƙara, bayan shekara sun gaji, babur ya zama ba na da ba, ba na yanzu ba. Mayar da wuta bolt 12 da CDI, na'urar da ke maye gurbin kwantak, kuwa gyara ne mai amfani, fitila ta yi haske, ka huta da saitin kwantak. Sai dai a tafi da tsohon magneto kasuwa a gwada, don bakin sandar da yake zama a kai ba ɗaya ba ne a kowace shekara, kuma dole a canja batir, kwayil, hon da ƙwayayen fitila gaba ɗaya. Tsofaffin ka zuba a kwali ka ajiye. Tambarin tanki, gilashin fitilar baya da agogon mita na asali sai an tona wajen masu tsofaffin kaya, irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, kuma da samfur a hannu ake zuwa. Sirdi na kai wa baduku ya ja masa baƙar fata da ɗinkin jan zare. Fata ba ta son ruwa, don haka da damina leda nake ɗora masa.

In an yi boring, kilomita 500 na farko a lallaɓa: babu goyo mai nauyi, babu murɗe totur har ƙarshe. Daga nan a yi juye, a sake auna bawul, a bi kowane noti da sifana, musamman na inji da na ƙafafu. Ranar da na cika nawa 500 na kai wa kawu shi ƙofar gida bayan sallar Juma'a. Ya zagaya shi sau biyu, ya tattare babbar riga, ya taka kik sau ɗaya, ya karkata kai yana sauraro. Ya ce, "Silo ɗin ya ɗan yi sama. Miƙo sukundireba."