Yadda ake neman takardun tarihin zawiyar garinku, daga zauren malam zuwa gidajen ajiya na Yamai

A Tawa da garuruwan Adar, da wuya ka sami tsohuwar unguwa wadda babu zawiya, inda ƴan'uwa ke haɗuwa wazifa da zikirin Juma'a. Sunan wanda ya kafa ta ba ya ɓata, yara ma sun san shi. Amma tambayi shekarar da ya sauka garin, da wanda ya ba shi izini, da yadda ya sami filin, sai ka ji an ce "ai tun zamanin Nasara ne". Tsofaffin da suka gani da idonsu suna ƙarewa, takardun kuma gara da ɗigon damina na cinsu. Ga hanyar da ɗalibi ko ɗan gida zai bi ya tattara abin da ya rage.

Mataki na farko: fara daga zaure

Kada ka hau motar Yamai tukuna. Gidan ajiyar takardu ba ya amfanar wanda ya je hannu rabbana, ba suna ba shekara. Nemi wanda halifa ko muƙaddami ya yarda da shi ya raka ka, ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka ce: "Allah gafarta Malam, tarihin gidan nan nake so in rubuta, in an ba ni izini." Ranar farko ta gaisuwa ce, bar waya a aljihu.

Abin da kake nema a nan: cikakken sunan wanda ya kafa zawiyar da na mahaifinsa, laƙabinsa, garin da ya fito, malaman da ya yi karatu gabansu, da sarkin da ke kan gado lokacin. Kada ka tsallake tsofaffin matan gidan. Ƴar malam ko matar da ta yi shekaru tana dafa tuwon almajirai takan san wanda ya zo daga ina, da auren da ya haɗa gidan da wani gida, fiye da mazan zaure. In al'adar gidan ba ta bari ka shiga ba, aika ƙanwarka ko yayarka da tambayoyin.

Tsoho ba ya ƙidayar shekara da lamba, da abin da ya faru yake ƙidaya. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, yaƙin Kawusan a Agadas 1916 zuwa 1917, farar da ta cinye amfanin gona ta jawo yunwar 1931, fari babba 1973 zuwa 1974, wani kuma 1984. In aka ce maka "an gina masallacin damina biyu bayan fara", ka sami abin riƙewa.

Mataki na biyu: takardun gida

Nan ne dukiyar take, nan kuma aka fi yin sakaci. A cikin gafaka ko tsohuwar adaka za ka iya samun ijaza, wato takardar izini, mai ɗauke da salsalar shehunnai, wasiƙu tsakanin malamin da shehinsa, ƙasidun yabo, waƙar ta'aziyya da almajiri ya yi ranar rasuwarsa, da takardar fili. Duba ƙarshen kowane littafin da aka kwafa da hannu, domin mai kwafa yakan rubuta sunansa da wanda ya kwafa wa, wani lokaci har da rana da wata. Duba gefen shafi da bangon ciki ma: nan malamai ke rubuta haihuwa da mutuwa da shekarar tafiya hajji.

Shekarar da za ka gani ta Hijira ce. Ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa: 1350 ta zama wajen 1931. Wasu malaman kuma da ramzi suke rubuta shekara, wato haruffa masu lissafi, kuma lissafin ƙasarmu irin na Magrib ne, ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa. Kai wa malamin da ya san hisabi ya warware maka.

Kada ka fitar da takarda ko ɗaya daga gidan, ko da an ce ka tafi da ita. Ɗauki hoto nan take, a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar waya ba, shafi bayan shafi. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warwara ne, saboda haka mayar da kowace takarda inda ka same ta. Kalmar da ke can ƙasan shafi ita ce farkon shafi na gaba, da ita ake gane jeri. Kada ka manna salatif a inda ya yage, yana ƙona takarda da daɗewa. Kundin asiri kuwa, in ba a buɗe maka ba, kada ka tambaya.

Mataki na uku: karanta abin da wasu suka riga suka rubuta

Leƙa ɗakin karatu na Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa, sannan na sashen tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ka nemi kundayen kammala karatu da ɗalibai suka yi kan garinku. Aikin da masanin tarihi Djibo Hamani ya fitar a 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa zai ba ka shimfiɗa. Ko kundin bai burge ka ba, duba ƙasan shafukansa, ka kwashe lambobin fayil ɗin da marubucin ya karanta. Wannan kaɗai zai rage maka wahala mai yawa.

Mataki na huɗu: gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa

A Yamai ana kiransa Archives nationales. Tafi da katin shaidarka da wasiƙa daga makarantarka ko wata hukuma mai bayyana abin da kake bincike, da littafin rubutu da fensir. Nemi a ba ka jerin abin da ke ajiye, ka fara da abu huɗu: tarihin yanki da kwamandojin Faransa suka rubuta, wanda suke kira monographie, rahotannin siyasa na wata uku da na shekara, rahotannin rangadi, da takardun bayanan malamai, fiches de renseignements. Waɗannan na ƙarshe su suka fi kusa da buƙatarka, domin Faransawa sun riƙa rubuta sunan malami, ɗariƙarsa, yawan almajiransa, inda ya yi karatu, da ko suna ganinsa abin tsoro ne.

Abu biyu ke ɓatar da mutane a nan. Na ɗaya rubutun suna. Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ji daga bakin tafinta, don haka Muhammadu zai zo maka Mahaman ko Mamane ko Mamadou, Usmanu ya zama Ousmane, Tawa ta zama Tahoua, Madawa Madaoua. Rubuta kowace siga da ka iya zato kafin ka fara nema. Na biyu iyaka: yankunan mulki sun sha canzawa, ƙauyen da kake nema a takardun Tawa mai yiwuwa yana cikin na Madawa ko na Ƙonni a wata shekarar.

Ka kuma tuna wanda ya riƙe alƙalamin. Kwamanda ba almajiri ba ne, mai sa ido ne. Malamin da ya ƙi zuwa bariki sai a rubuta shi mai tsaurin kai, wanda ya ɓoye iliminsa a rubuta shi jahili. Ɗauki shekara da wuri da adadi daga gare shi, amma hukuncinsa kan mutum sai ka auna shi da takardun gida. Kowane fayil ka buɗe, rubuta lambarsa da kwanan watansa kafin komai.

Mataki na biyar: IRSH da CELHTO

Cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Yamai ta samo asali daga reshen IFAN, cibiyar binciken Faransawa, da aka buɗe a 1944. Tana da sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, MARA, mai dubban littattafai, wanda Boubou Hama ya aza harsashin tara su lokacin yana shugaban majalisar dokoki. Nemi sunan malaminku da na malamansa a jerin, a matsayin marubuci ko mai kwafa ko mai littafi. CELHTO kuwa, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968 kuma take ƙarƙashin Tarayyar Afirka, tana ajiye muryoyin tsofaffi da aka naɗa. Tambayi ko akwai na yankinku. Don shekarun bayan samun ƴancin kai a 1960, tsofaffin fitowar jaridar Le Sahel na iya ɗauke da labarin maulidi ko rasuwar shehi.

Mataki na shida: abin da ke waje

Zamanin mulkin mallaka Nijar tana cikin tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, mai hedkwata a Dakar, shi ya sa kwafin rahotanni da yawa ke can, a gidan ajiyar Senegal: rukunin 2G na rahotannin lokaci-lokaci, 19G na harkokin Musulunci. Akwai kuma gidan ajiyar ƙasashen ƙetare a Aix-en-Provence ta Faransa. Ba sai ka je ba tun farko. Shafin Gallica na babban ɗakin karatun Faransa yana da tsofaffin mujallu da taswirori kyauta a intanet.

In gidan ibadar da kake bincike na Kirista ne, gidan mishan ko na masu zuhudu, tambayi littafin da suke rubuta abin da ya faru kullum, da rajistar baftisma, a ofishin bishop. Sauran takardun sukan kasance a uwar ƙungiyar da ta turo su, a Turai ko Amurka, kuma rubuta musu wasiƙa ake yi.

Mataki na bakwai: haɗa bakin zaren

Ja layi a takarda, shekara bayan shekara, ka sa kowane labari da inda ka same shi: bakin wane, takardar gida, fayil mai lamba kaza. Inda suka dace, ka tsaya da ƙafa biyu. Inda suka saɓa, rubuta duka biyun, kada ka zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Za ka iya cin karo da abin da zai yi wa gidan nauyi, kamar rikicin halifanci ko ƙarar da wani ya kai bariki, alhali jikokin ɓangarorin biyu suna sahu ɗaya a masallaci yau. Kai wa halifa ka karanta masa kafin kowa ya gani, ku yi shawara kan yadda za a faɗe shi ba tare da an canza gaskiya ba. Sannan ka buga hotunan takardun ka ba gidan kwafi ɗaya, ka ajiye ɗaya a wani wuri daban, in kuma masu gidan sun amince ka kai na uku IRSH.