Yadda Za Ka Furta Dogayen Kalmomin Likitanci na Turanci

Ɗalibin jinya kan ga kalmar gastroenterology a allo, harshensa ya sarƙe. Kada ka ji tsoro, daddatsa ta za ka yi.

Da farko, nemo sassanta. Yawancin irin waɗannan kalmomi daga Girkanci suka fito: gastro ciki ne, entero hanji, logy kuma ilimi.

Sannan ka raba ta gaɓa-gaɓa da fensir: gas-tro-en-te-ro-lo-gy. Bakwai ke nan. Tafa hannu a kowace gaɓa.

Matakin da ya fi muhimmanci shi ne nauyin murya, wato gaɓar da za ka fi ƙarfafawa wajen furtawa. Duk kalmar da ta ƙare da ology, nauyin yana kan gaɓa ta uku daga ƙarshe. A nan "ro" ce, ita za ka danna.

Ka kula, a pneumonia ba a furta p ɗin farko.

Maimaita a hankali sau biyar, sannan ka ƙara sauri.