Yadda Ake Saita Rediyon Oba-oba da Maɓallan Gabanta

Masu gadi da 'yan sintirin unguwanni a Zariya, daga Sabon Gari har Samaru, da yawansu suna riƙe da ƙaramar oba-oba samfurin Baofeng UV-5R, amma da zarar saitinta ya gauraye sai a rasa mai gyarawa, alhali maɓallan gabanta da ɗan allonta sun isa a yi aikin ba tare da kwamfuta ba.

Da farko a ɗaura eriya kafin a kunna, domin danna maɓallin magana babu eriya yana iya lalata na'urar. Bayan an kunna, a dubi allon da kyau. Yana da layi biyu, kuma ƙaramar kibiya ce ke nuna wanda ake aiki da shi. Maɓallin A/B ne ke sauya su, a bar kibiyar a layin sama. Maɓallin VFO/MR kuwa shi ke kai mutum ko dai wurin shigar da mita, wato lambar zangon da ake magana a kai, da hannu, ko wurin tashoshin da aka riga aka ajiye. Idan ana ganin ƙaramar lambar tasha a gefen dama, a danna shi a koma wurin mita.

Mita lambobi shida ce, kuma ba a danna ɗigo: wanda ke son 150.250, a misali kawai, zai danna 150250. Na'urar tana aiki daga 136 zuwa 174, da kuma wani zangon da ya fara daga 400. Sai dai ba kowace mita mutum zai ɗauka don ya ji ta shiru ba, domin gwamnati ce ke ba kamfanoni da ƙungiyoyi lasisin mita, kuma wadda aka ba ku ita kaɗai za ku shigar.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wurin sauya saiti, don haka ina roƙon a natsu a nan. Ana danna MENU, a shigar da lambar abin da ake so, a sake danna MENU don a shiga cikinsa, a zaɓa da kibiyoyin sama da ƙasa, sannan a danna MENU karo na uku don tabbatarwa, kafin a fita da EXIT. Wanda ya tsallake dannawa ta uku, ko ya tsaya tunani har allon ya koma da kansa, bai sauya komai ba. Lamba 0, wato SQL, ita ke toshe ƙarar shuu. Idan aka kai ta 9 muryar abokin aiki da ke nesa tana iya kasa shigowa, saboda haka ni na fi son 3. Lamba 2 ƙarfin aikawa ce, kuma LOW ya wadatar a cikin kasuwa ɗaya, batir ma ya fi daɗewa. Lambobi 11 da 13 na sautin shaida ne, wato sautin da rediyo ke gane 'yan ƙungiyarta da shi, wanda dole ya zama iri ɗaya a duk rediyoyin ƙungiya, amma kada a ɗauka yana ɓoye magana, domin duk mai sauraron wannan mita zai ji ku.

Don ajiye saitin, a shiga lamba 28 a share tashar da ake so idan akwai wani abu a cikinta, sannan a shiga 27 a zaɓi tashar a tabbatar. Bayan haka a riƙe maɓallin # har hoton makulli ya fito a allo, don kada aljihu ya danna wani abu. Maɓallin magana zai ci gaba da aiki.

A gwada da abokin aiki daga nesa, eriya a tsaye. Idan dogon gini ko dutse irin na Kufena ya shiga tsakani, a hau wuri mai tudu kafin a zargi saitin. A lokacin hunturu kuma a riƙa kaɗe ƙurar maɓallan da busasshen buroshi mai laushi.