Yadda Ake Tabbatar da Shekarun Tsohon da Ya Haura 110 a Ostiriya

A ce tsoho ya kai shekara 110 ba wuya, baki ne kawai. Aikin yana wajen kawo takardar da za ta tsaya masa. A Ostiriya akwai wanda ya dace a koyi wannan aiki a kansa, wato Leopold Vietoris, masanin lissafi. An haife shi ranar 4 ga Yuni 1891 a garin Radkersburg, ya rasu a Innsbruck ranar 9 ga Afrilu 2002, saura ƙasa da wata biyu ya cika 111. Ga yadda masu bincike ke bin sawun irinsa.

Fara da shaidar haihuwa, kuma wadda aka rubuta tun jaririn yana cikin zanen goyo, ba wadda aka yanka masa bayan ya yi furfura ba. Kada ka ɓata lokaci a ofishin gwamnati. A yawancin ƙasar, sai a 1938 gwamnati ta karɓi rajistar aure, ta haihuwa da mutuwa kuma a 1939. Kafin nan limaman coci ne ke riƙe da littattafan, bisa umarnin da Sarki Joseph na Biyu ya bayar a 1784. Don haka tambayarka ta farko ita ce: a wace coci aka yi masa baftisma? An ɗora hotunan littattafai da yawa a rumbun Matricula na intanet, kyauta. Sai dai da tsohon rubutun hannu na Jamusanci da ake kira Kurrent aka yi su, wanda ko Bajamushen yau sai ya koya kafin ya karanta. Doka kuma ta rufe rajistar haihuwa har sai ta shekara 100, amma wannan bai shafe ka ba, tsohonka ya wuce nan.

Daga nan ka ɗauko taswirar wancan zamani. Daular Ostiriya da Hungari ta wargaje a 1918, mutum yana iya rayuwa shekara 90 a Biyana, babban birnin Ostiriya, alhali littafin haihuwarsa yana Cek ko Sulobeniya, garin ma ya sake suna. Radkersburg ɗin kansa an raba shi, kogin Mur ya zama iyaka, ɓangare ɗaya a Ostiriya, ɗaya kuma a Sulobeniya ta yau.

Mataki na uku shi ne inda aka fi zamewa. Kada ka ga sunan ka rufe littafi kana murna. Iyayen da can, in yaro ya rasu, sukan mayar wa ƙaninsa sunan, kamar dai yadda ake mayar da suna a gidajenmu. Sai a wayi gari ƙani ya gaji takardar wansa, an ƙara masa shekara biyar ko goma da bai rayu ba. Maganin abin shi ne ka jero 'ya'yan gidan kaf, ka duba littafin mamata ka ga wanda aka binne yana ƙarami. Aiki ne mai cin rai, amma a ganina duk binciken da ya tsallake shi bai cancanci a saurare shi ba.

Sai ka haɗa jaririn da tsohon, ka nuna mutum ɗaya ne. Na Vietoris da sauƙi: ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya sami digirin dakta a Jami'ar Biyana a 1920, ya koyar a Innsbruck, yana ta wallafa bincike har bayan ya haura shekara 100. Manomiyar ƙauye ba ta bar irin wannan sawu ba. A wajenta takardar aure ce ginshiƙi, domin tana ɗauke da sunayen iyaye, ita ce kuma ke nuna lokacin da mace ta koma amsa sunan gidan mijinta. Ƙara da rajistar haihuwar 'ya'yanta da takardun shaidar mazauni da ake cikewa in an sauya gida.

Takardar mutuwa ko katin shaida na tsufa su ne na ƙarshe, kuma su ne mafi rauni, don sau da yawa abin da aka faɗa wa magatakarda shi ya rubuta. In ranakun sun yi daidai daga farko har ƙarshe, tattara hotunan takardun ka aika wa ƙungiyar Gerontology Research Group mai tantance shekarun waɗanda suka kai 110, su sake bin kowane shafi da kansu.