Yadda za a koma gudu bayan aikin bawul idan bugun zuciya ba ya tafiya daidai

Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa aikin bawul ɗin zuciya a ƙasarmu matasa ne, domin sau da yawa ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a yi wa magani ba shi ke lalata wannan ƙyauren da ke hana jini komawa baya. Matashi kuwa da ya ji ƙarfi ya dawo, tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai koma gudu. Idan bugunsa yana tsalle, ya yi sauri sannan ya yi kamar ya tsaya, sai an bi a hankali.

Wannan rikicewar ba baƙuwa ba ce. Kusan mutum ɗaya cikin uku, ko fiye, yakan gamu da ita a kwanakin farko bayan aiki, inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon su matse jini yadda ya kamata. Ga wasu takan wuce cikin 'yan makonni, ga wasu kuma ta zauna. Saboda haka, kafin ka ɗaura takalmi, ka je wurin likitan zuciya, nan Damagaram ko Yamai, a ɗauki hoton bugun a takarda, a duba bawul ɗin da na'urar eko mai nuna hoton cikin zuciya, idan da hali kuma a liƙa maka ƙaramar na'urar da ke naɗar bugu na awa 24. Dalili shi ne rikicewar iri-iri ce: wata ba ta hana gudu, wadda ke tasowa daga ɗakunan ƙasa kuwa tana iya kayar da mutum nan take, kuma ba a bambanta su da yatsa.

Ƙashin ƙirjin da aka tsaga yana bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe, wani ma ya fi haka. A wannan tsakanin tafiya kawai ake so, daga minti 5 ko 10, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a kai rabin awa. Jarkar ruwa mai lita 20 ba taka ba ce tukuna, ko da famfo ya ɗauke. Gudu yakan zo ne bayan kamar wata uku, da yardar likita: minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, a maimaita, a fara da tafiyar minti 10 a kuma rufe da ita, domin tsayawa kwatsam kan jawo jiri.

A ganina, babban kuskure shi ne dogaro da lissafin bugu. Agogon hannu mai ƙidaya yakan ruɗe idan bugu ba shi da tsari, kuma magunguna irin su bisoprolol da atenolol suna danne saurin zuciya, ta yadda mutum zai galabaita alhali adadin yana nuna lafiya lau. Awon da ya fi gaskiya shi ne numfashi. Idan kana iya gaisawa da abokin tafiya ka kammala magana ba tare da ta yanke ba, kana kan hanya. Idan kalma biyu ta gagara, ka koma tafiya.

Sai batun zafi, wanda mutumin Damagaram ba ya bukatar a ba shi labarinsa. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni yakan wuce 40, gumi kuma yana tafiya da ruwa da gishirin jiki, musamman ga mai shan Lasilix, maganin da ke sa yawan fitsari, ƙarancin sinadarin potasiyom kuwa yana tayar da rikicewar bugu. Bayan sallar asuba ne lokacin fita, da gorar ruwa a hannu. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, ko kana zazzaɓi, ka huta. Mai azumi kada ya yi gudu da rana, kuma shayi mai ƙarfi da goro, idan ka lura suna tayar maka da bugu, ka rage su.

Mai bawul na ƙarfe yana kan maganin hana jini daskarewa har iyakar rayuwarsa, Sintrom ko warfarin, kuma awon INR ɗinsa, wato gwajin jinin da ke nuna yadda maganin ke aiki, yawanci ana so ya tsaya tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5, gwargwadon bawul ɗin. Don haka ƙwallon ƙafa da kokawa ba su dace da shi ba, kuma fili shimfiɗaɗɗe ya fi hawan duwatsun gari. Idan ka faɗi ka bugi kai, ka je asibiti ko da ba ka ga jini ba. Kada ciwon gwiwa ya sa ka sayi diclofenac ko ibuprofen a hannun mai talla, domin suna ƙara haɗarin zubar jini.

Ka tsaya nan take idan ka ji nauyi a ƙirji, ko duhu ya rufe maka ido, ko bugun ya ƙi sauka bayan minti 10 na hutawa. Suma, karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar harshe kuwa ba a jiran safiya da su. Ka riƙa fita da wani, kuma ka sa takarda a aljihu mai ɗauke da sunan maganinka da irin bawul ɗin da aka sa maka.