Yadda ake musun wa ya cancanci shiga Zauren Gwarazan besbol

Daga Kawo har Tudun Wada, babu majalisar da ba ta da gwanin musu kan Messi da Ronaldo. Mu 'yan tsirarun Kaduna da ke raba dare muna kallon besbol, wasan Amurka da ake jefa ƙwallo wani ya buge ta da sanda, a waya, tunda wasannin gabashin Amurka sukan fara ne wajen sha biyun dare agogonmu, muna da namu musun: wa ya cancanci a kafa allo mai sunansa da tarihinsa a Zauren Gwaraza na Cooperstown, wani ɗan ƙaramin gari a jihar New York. Ga yadda nake shigarsa.

Fara da sanin dokar ƙofa. Tun 1936 ake wannan zaɓe, shekarar da aka ɗauki Ty Cobb da Babe Ruth da Honus Wagner da Christy Mathewson da Walter Johnson. Masu ƙuri'a marubuta labarin wasan ne na ƙungiyar BBWAA waɗanda suka shekara 10 a cikinta. Ɗan wasa sai ya buga kaka 10 a babbar gasar besbol ta Amurka, ya kuma cika shekara 5 da ajiye wasa. Kowane marubuci na iya zaɓar mutum har 10, kuma sai ɗan wasa ya samu kashi 75 cikin 100 zai shiga. In ya gaza kashi 5 an cire sunansa, in ya haura yana da shekara 10 yana gwada sa'a. Bayan nan sai ƙofar gefe, wato kwamitocin da ke waiwayar waɗanda aka bari a baya. Saboda haka in wani ya ce maka ai mafi yawan marubuta sun zaɓi gwaninsa, ka tuna masa rinjaye kawai ba ya buɗe wannan ƙofa.

Kafin a ambaci sunan kowa, ka tsare abokin musunka da tambaya ɗaya: "Malam, daɗewa muke aunawa ko tsananin gwaninta?" Sai ya amsa sannan ku ci gaba. Sandy Koufax wasa 165 kawai ya ci a matsayin mai jifa, ciwon gwiwar hannu ya sa ya bar fili a 1966 yana ɗan shekara 30. Amma tsakanin 1963 da 1966 sau uku ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, kuma ya shiga zauren a 1972. Harold Baines kuwa kaka 22 ya buga, ya tara bugu mai kyau (wanda ke ba mai bugu damar isa zango lafiya) 2,866, marubuta ba su taɓa ba shi sama da kashi 6.1 ba, sai kwamiti ne ya shigar da shi a 2019. Ni ina bayan Koufax. Wanda ya zaɓi ɓangaren Baines ma yana da hujja, sharaɗin dai mudun da ya auna gwaninsa da shi, da shi zai auna naka. Masu son lissafi suna da ma'aunin da ake kira JAWS, wanda ke haɗa amfanin ɗan wasa na duk rayuwarsa da na kakarsa 7 mafi kyau, sannan a gwada shi da waɗanda suka riƙe matsayi irin nasa a fili.

Ka kuma tambayi inda aka buga da lokacin da aka buga. Larry Walker sai a shekararsa ta 10, wato 2020, ya tsallake, saboda ana cewa a Denver ya yi suna, garin da ke kan tudu kusan mita 1,600, inda ƙwallo ke tafiya da nisa. Babe Ruth bai taɓa karawa da baƙar fata a babbar gasa ba, don sai 1947 Jackie Robinson ya keta wannan shinge. Da aka haɗa alƙaluman tsohuwar gasar baƙaƙen fata da na babbar gasa a 2024, sai ga Josh Gibson da kashi 37.2 cikin 100 na bugu mai kyau ya haye kan Cobb mai 36.7.

Inda musu ke zafi shi ne batun hali, domin dokar zaɓen ta ce a duba amana da ɗabi'a tare da gwaninta. Akwai wani dattijo a majalisarmu ta Unguwar Rimi da ko sunan Barry Bonds ba ya son ji. Wani dare ƙanena ya miƙa masa waya, alƙaluman Bonds a shafin Baseball-Reference a buɗe. Dattijo ya ajiye kofin shayi, ya ɗaga tabarau zuwa goshi, ya bi layi da yatsa: bugun da ke haura katanga 762, babu wanda ya kai, 73 daga ciki a 2001 kaɗai, gwarzon kaka sau 7. Ya mayar da wayar ya ce, "Yaro, ai da allura ya yi." Ƙanena ya ce, "Baba, guda uku na gwarzon nan a 1990 da 1992 da 1993 ya ci su, tun kafin a fara zarginsa."

A nan ne za ka ci ko ka faɗi, saboda haka ka tanadi hujja. Bonds ya ƙare shekarunsa 10 a 2022 da kashi 66, Roger Clemens mai Cy Young 7 ya ƙare da 65.2, duk saboda zargin ƙwayoyin ƙara kuzari. Ni ra'ayina a shigar da su. Sai 2004 gasar ta fara gwaji mai hukunci, kuma Bud Selig da ya shugabance ta a zamanin ya shiga zauren tun 2017. Cap Anson da ya ƙi buga wasa da baƙaƙen fata yana ciki tun 1939. In hali ne mizani, a tambayi mai musu ta ina waɗannan suka bi.

Kada ka yarda a cusa Pete Rose cikin wannan rukuni, tarko ne da ake yawan ɗanawa. Shi ne ya fi kowa bugu mai kyau, 4,256, amma caca ya yi a kan wasannin Cincinnati Reds yana kocinta, alhali dokar da ta hana haka a rubuce take ƙarara. An kore shi a 1989, ya yi ta musantawa har 2004 kafin ya amsa. Ya rasu a 2024, a watan Mayun 2025 aka cire sunansa daga jerin korarru, don haka yanzu kwamiti na iya duba shi. Ni dai ina ganin wanda ya san doka ya taka ta daban yake da wanda ya yi abu lokacin da hukuma ta kawar da kai.

Musun wa ya samu ƙuri'a duka kuwa ɓata yawu ne. Mariano Rivera ɗan Panama ne kaɗai ya cinye, 425 cikin 425 a 2019. Derek Jeter a 2020 da Ichiro Suzuki ɗan Japan a 2025 kowannensu ƙuri'a ɗaya ya rasa, kuma ba a rubuta yawan ƙuri'a a jikin allo. Takardar sunayen na fitowa a Nuwamba, sakamako a Janairu. Tsakanin nan kowa a majalisa ya rubuta mutum 10 nasa a takarda ya sa hannu, a ba mai shayi ya ajiye, don kada wani ya sauya baki ranar da aka sanar.